Ɗan Kunnen da Ke Faɗin Asalin Saniya

Ranar Laraba a karar dabbobi ta Birnin Ƙonni a Nijar, dillalin da ya san aikinsa ba ya fara ciniki da baki. Sai ya kama leɓen dabba ya buɗe, ya duba haƙoran ƙasa ya ga nawa suka fita na girma, ya danna tozo, ya shafa haƙarƙari, ya sa a ja ta ta yi taku biyu uku don ya ga ko tana ɗingishi. Daga nan ya koma kunne da cinya yana neman shaida, wato tsagar da mai garke ya yi da wuƙa tun tana maraƙa, ko lalas ɗin da aka ɗora mata da ƙarfe mai zafi. Da tsagar nan kaɗai tsohon dillali kan gane gidan da aka yi kiwonta, ya san ko daga arewa ta gangaro, wajen Abalak da Cintabaradan, ko kuwa ta nan kusa ce, ta biyo ta kasuwar Badagishiri ko Gidan Idar. Ilmi ne da ba a samu a shekara ɗaya ko biyu, kuma ban ga na'urar da za ta maye gurbinsa ba.

Sai dai ilmin yana cikin kan dillali, ba ya bin dabbar. Da zarar an loda ta a mota ta tsallaka iyaka zuwa Illela ta Najeriya, ta ratsa Sakkwato ta yi kudu, labarinta ya tsaya a Ƙonni. Mahaucin da zai yanka ta a Ibadan ko Legas bai san wace allura aka yi mata ba. Bai san ko shekaranjiya aka ɗura mata maganin da bai kamata a ci namanta ba sai ya fita daga jiki. Bai ma san ko ta halas ce ko ta sata ba.

Ajiye labari a kunnen dabba ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Lokacin da aka fara babban gangamin allurar bushiya a 1962, a Nijar da Najeriya da Kamaru da Cadi, duk saniyar da aka yi wa allura sai an huda mata alama a kunne, don in malaman dabbobi sun dawo su san wadda aka yi wa da wadda ta kuɓuce. Da irin wannan naci aka ci ƙarfin cutar, har aka yi shelar ƙarewarta a duniya a 2011. Abin da ya zo sabo shi ne kunnen ya faɗi lambarsa da kansa, ga kowa, a kowace kasuwa, ta hanyar igiyar rediyo. Fasahar ita ce kamfanoni ke rubuta wa RFID a jikin kwali. Masu bincike a Los Alamos ta Amurka sun yi aikinta domin shanu tun shekarun 1970. A karar Ƙonni kuwa har yau ido da tsaga ne ke aiki, shi ya sa nake ganin ya dace a san yadda gwanayen wannan sana'a ke yin ta tun kafin ta cika kasuwanninmu.

In ka ɗora ɗan kunnen a tafin hannu ba za ka ga abin mamaki ba. Kewayayyen maɓalli ne na roba, galibi rawaya ko fari, faɗinsa kimanin santimita 3, nauyinsa bai kai giram 10 ba. Ba batir, ba wurin kunnawa. Da za a fasa robar, abu biyu za a tarar: siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗe zagaye bisa zagaye, da wata mitsitsiyar ƙwayar lantarki da bakin wayar biyu suka kama. A cikin ƙwayar an rubuta lamba mai alƙaluma 15, an kulle ta tun daga masana'anta, ba mai iya gogewa.

Abokiyar aikinsa ita ce sandar karatu, wata na'urar hannu mai batir da ɗan allo. In aka danna ta, bakinta yana fitar da ƙarfin maganaɗisu da ke kaɗawa sau 134,200 a kowace daƙiƙa, wanda shi ne ma'aunin da ƙa'idojin duniya masu lamba ISO 11784 da 11785 suka tsayar domin dabbobi. Da naɗin wayar nan ya shiga cikin wannan ƙarfi, sai wuta ta taso a cikinsa, ƴar kaɗan, daidai wadda za ta tashi ƙwayar daga barci. Ta faɗi lambarta, sanda ta ji, ta yi ƙara, lambar ta fito a allo. Wato da ƙarfin mai tambaya ake ba da amsa, shi ya sa ɗan kunnen kan yi tsawon ran saniya ba a taɓa yi masa caji ba. An zaɓi wannan igiya mai sanyin kaɗawa ne don tana ratsa nama da ruwa da taɓo da kashin shanu. Ƴan kunnen iri biyu ne. Wani yana magana tun sanda tana hura masa wuta. Wani kuma yana tara wutar a ƴar ma'ajiya na kimanin kashi ɗaya cikin 20 na daƙiƙa, ya jira sanda ta yi shiru, sannan ya amsa, kuma shi aka fi ji daga ɗan nesa. Sanda ta ƙwarai tana jin duka biyun, kuma wannan ce tambayar farko da mai saye ya kamata ya yi.

Ita ma lambar tana da karatu. Alƙaluma uku na farko na ƙasa ne: 562 Nijar, 566 Najeriya, 840 Amurka. Sauran 12 na dabbar ne ita kaɗai. In lamba ta fara da ɗari tara da wani abu, to ta kamfanin da ya ƙera ce, ba hukumar wata ƙasa ce ta bayar ba. 982, misali, ta kamfanin Allflex ce. Wanda ya san wannan, da kallo ɗaya zai gaya maka ko lambar ta wata ƙasa ce ko kuwa ta kamfani.

Yanzu ga aikin hannun, inda a nan ne gwani ke rabuwa da ɗan koyo.

Da sassafe yake farawa, kafin rana ta yi zafi dabbobi su fusata. In da hali yana guje wa tsakiyar damina, lokacin da ƙuda ke neman ɗanyen rauni ya zuba tsutsa. Kayansa ba su da yawa: awartaki na musamman mai allura a muƙamuƙi ɗaya da maƙali a ɗayan, allurar ajiya ko ta farko za ta lanƙwashe, kwano da ruwan aidin, tsumma mai tsabta, sandar karatu, da waya ko littafi. Ɗan kunnen kansa gida biyu ne, masu sana'ar suna ce musu namiji da mace. Namijin shi ne mai tsini, macen ita ce mai rami, kuma a cikinta naɗin waya da ƙwayar suke. Ya zura namijin a allura har ya zauna daram, ya tura macen ƙarƙashin maƙali, sannan ya matse awartakin a hankali, ba har ƙarshe ba, don ya ga tsinin yana fuskantar tsakiyar ramin sosai. In ya kauce ko da kaɗan, ya san allura ta lanƙwashe, ya canza ta nan take. Kafin ya kusanci dabba sai ya goga sanda a kan ɗan kunnen ya ji ya amsa, ya gwada lambar allo da wadda aka buga a jikin roba. Ba a huda kunne da abin da ba a gwada ba. Sannan ya tsoma bakin awartakin cikin aidin.

Riƙon dabba rabin aiki ne, kuma a nan makiyayi ya fi kowa. Igiya a ƙaho, yatsu biyu a hanci, a juya kai gefe. Mai awartaki ba ya tsayawa gaban ƙaho, musamman na jan sa irin na Bororo. Ta wajen kafaɗa yake zuwa. Za ka ji ya ce, "Baffa, ɗan karkato min kanta," ya jira har kan ya tsaya cik. Ya kama kunnen da hannun hagu ya shimfiɗa shi, ya share ƙura, ya bi shi da babban yatsa. Abin da yake lalube shi ne guringuntsi biyu da suka miƙe tsawon kunnen daga gindi zuwa baki, da jijiyoyin jini da ke bin gefensu. Tsakaninsu akwai fili mai laushi, a nan ake hudawa, tsakanin gindin kunne da tsakiyarsa. Dalilin kowane ɓangare na wannan doka a bayyane yake. In aka matsa kusa da kai ainun, naman wurin yana da kauri, gida biyun za su matse shi, iska ba ta shiga, rauni ya ƙi warkewa ya ruɓe. In aka yi can bakin kunne, rana ɗaya dabbar za ta kutsa cikin magarya ko farar ƙaya, reshe ya maƙale, kunne ya tsage, lamba ta faɗi a daji. In aka bi ta kan guringuntsi, kunne ya lanƙwashe har abada. In aka sami jijiya, jini ya yi ta zuba.

Macen tana zama ta cikin kunne, inda lanƙwasar kunnen ke kāre ta, namijin ya shigo ta baya. Ya daidaita, ya ɗan dakata, sai matsa ɗaya mai ƙarfi, ƙwas, ya saki tun kafin dabbar ta fizge kai. Wanda ya yi jinkirin saki shi ke tsaga kunne da hannunsa. Bai gama ba tukuna. Sai ya kama ɗan kunnen ya juya shi, ya tabbata yana zagayawa sakayau, akwai sarari tsakaninsa da fata. Ya shafa aidin gaba da baya. Ya sake goga sanda. Sannan a saki igiya. Ga tumaki, irin su balami masu dogon kunne mai laushi, akwai ƙaramin ɗan kunne mara nauyi, domin na shanu zai ja kunnen ƙasa ya faɗaɗa hudar. Bayan mako guda ko kwana goma gwani yakan dawo ya duba kowane kunne, ya juya, ya wanke wanda ya yi ruwa.

Mai son jiki ma yana iya sa wa garke guda ƴan kunne kafin hantsi. Bakin kunne yake kamawa don nan ne kusa da hannu, ba ya gwaji, ba ya tsoma awartaki tsakanin dabba da dabba, rubutu kuma sai an koma gida. Ranar ba mai ganin bambanci. Sai bayan wata shida, in aka zo ƙirga aka tarar wasu kunnuwa a tsage, wasu lambobi kuma ba a san na wace saniya ba ne.

Rubutun nan da ake rainawa shi ne ran aikin. Ɗan kunne ba ya ɗauke da komai sai lamba. Sunan mai dabba, irinta, ko azawak ce ko gudali, launinta, shekarunta, uwarta, ranar allura, sunan magani, duk a kundi suke, na takarda ko na waya. Sandunan yanzu suna tura lambar kai tsaye cikin wayar hannu ta Bluetooth, mai aiki ya cika sauran a tsaye a wurin, dabbar tana gabansa, ya ɗauki hotonta ya haɗa. Inda ba a samun layi, wayar tana ajiyewa har a shigo gari.

Karatun ma yana da nasa sirri. Sandar hannu ba ta ji sai an kawo ta kusa, taƙi ɗaya ko biyu. Yadda aka fuskantar da ita yana ƙara nisa ko ya rage, don haka za ka ga ƙwararre yana ɗan murɗa wuyan hannu maimakon ya yi ta dannawa. In shanu biyu suka haɗa kai, lambobinsu kan yi karo a rasa ta kowa, sai a raba su. Ƙarfen shinge yana shanye ƙarfin, janareta da injin ban ruwa da na'urar juya wutar sola suna cika wurin da hayaniyar da kunnen mutum ba ya ji amma sanda tana ji. Inda dabbobi suke da yawa akan kafa faifan karatu a jikin wata siririyar hanya da ba ta ɗaukar dabba biyu a jere, yana ji daga kusan mita ɗaya, kowace ta wuce ya rubuta ta. Mai kafa shi yakan zagaya wurin da ɗan kunne a hannu, yana gwada kowane lungu, kafin ya haƙa rami ko ɗaya.

To, ina ribar ɗan kasuwa? Mu ɗauki mai turka raguna domin Layya, sana'ar da gidaje da yawa ke yi daga Ƙonni har Malbaza. A ce yana da rago 40, yana zuba musu harawa da dusa da kowar wake, kuɗi na fita kullum. Ido yana ganin garken gaba ɗaya yana ƙiba, amma ba ya iya rantsuwa a kan kowane rago. In aka haɗa sanda da sikeli, duk mako biyu rago ya hau, lambarsa da nauyinsa su shiga kundi tare. Awo na uku bai wuce ba sai an ga wanda ke ci ba ya ƙaruwa. A duba haƙorinsa, a ba shi maganin tsutsar ciki, in bai gyaru ba a sayar da shi tun bai cinye ribar ƴan uwansa ba. Haka kuma ɗan kasuwar gari da ya ba makiyayi amanar shanu su tafi mashekari. In an dawo, sanda ta ƙirga, kowa ya ga wadda ta haihu da wadda ta mutu, makiyayi mai gaskiya ya huta da zargi. Wannan a wurina ya fi awon nauyi daraja, don zumunci da yawa a kan ƙirgar shanu ya lalace.

Maganar sata kuwa, wadda ta addabi iyakar nan gaba da baya, a faɗi gaskiya. Ɗan kunne ba ya nuna inda saniya take. Ba ya magana da tauraron ɗan adam, sai an zo kusa da shi. Ɓarawo kuma yana da wuƙa. Amfaninsa yana fitowa ne in kasuwanni da mayanka suna karantawa, har ya zama dabba mai yankakken kunne sai an tsaya an yi tambaya a kanta. Saboda wuƙar ɓarawo aka ƙera wani nau'in da ake haɗiya: dunƙulen tangaran mai nauyin kimanin giram 70, da ƙwayar a cikinsa. Ana ɗora shi a bakin wani dogon bututu, a zura ta gefen baki har bayan tudun harshe, a saki, a bar saniya ta haɗiye da kanta. Ba a ɗaga kai sama ainun, ba a turawa da ƙarfi, don hanyar huhu tana nan kusa. Nauyinsa ke sa ya zauna a ɗaki na biyu na tumbi, mai rami-rami ɗin nan da mahauta suka sani, tuƙa ba ta dawo da shi. Ana karanta shi ta hagu, bayan ƙafar gaba. Botsuwana ta fara da irin wannan a 2001 don ta riƙe kasuwar namanta ta Turai, daga baya ta koma ɗan kunne, wanda makiyayi zai iya sawa da kansa ba sai ya jira ma'aikaci ba. Yurugwai kuwa, mai shanu fiye da miliyan 11, ta wajabta shi tun 2006, kowane maraƙi da ƴan kunne biyu, na gani da na rediyo. Tarayyar Turai ta wajabta wa tumaki daga 2010, Amurka kuma ta sa dokar a kan wasu rukunonin shanu masu tsallaka jiha a Nuwamba 2024. Akwai ma sabon ɗan kunne da ke yanko ɗan ƙaramin nama yayin huda, ya rufe shi a kwalba mai lamba ɗaya da ta dabbar, a aika ɗakin gwaji.

Ba a kan dabba kaɗai fasahar ta tsaya ba. Akwai wani reshe nata mai saurin kaɗawa, tsakanin sau miliyan 860 da 960 a daƙiƙa, wanda ke cikin ƴar takardar liƙi mai araha. Shi ba naɗin waya yake amfani da shi ba. Igiyar da na'ura ta aiko yake mayarwa, yana ƙara ta yana rage ta, kamar yaron da ya tare rana da madubi yana yi wa abokinsa ishara daga nesa. Ana jin sa daga mita da yawa, kuma ɗaruruwa a lokaci guda ba tare da karo ba. Da shi Walmart ta umarci manyan masu kawo mata kaya 100 su fara liƙa wa kwalaye daga Janairu 2005. Da shi Decathlon da Zara ke ƙirga kayan shago cikin ɗan lokaci, a Uniqlo kuma mai saye ya zuba tufafi a akwati lissafi ya fito gaba ɗaya. An fara yin ƴan kunnen shanu da shi, don a karanta mota guda tana wucewa ta ƙofa.

Amma duk wanda zai kawo shi yankin nan sai ya san abokan gabansa biyu, ruwa da ƙarfe. Albasar Galmi kusan kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne. Ka liƙa takardar a cikin buhu ta kwanta a jikin albasa, ruwan ya shanye igiyar, na'ura ba ta ji komai. Mai sanin aiki a bakin buhu yake ɗinke ta, ta tsaya a waje tana lilo, iska tsakaninta da kayan, kuma in ana lodi ya sa a juyo bakunan buhuna waje. Buhun siminti irin na Malbaza, inda ake sarrafa shi tun shekarun 1960, busasshe ne, ba ya ba da wannan wahala. Motar da ke ɗaukarsa ce ƙarfe, shi kuwa ƙarfe yana kashe takardar da aka manna masa kai tsaye. Don haka ko a liƙa ta a gilashin gaba, ko a sayi nau'i mai kauri da aka yi wa matashi a baya. Da wannan mota za ta hau sikeli ba kaya a rubuta ta, ta fito da kaya a sake rubutawa, ba direban da ya sauko da takarda a hannu. Ba a sanin wurin da ya dace sai da gwaji: a liƙa, a ja da baya taki ɗaya ɗaya ana karantawa, a yi alama a ƙasa inda murya ta ɗauke, a canza wuri a sake.

Ƙonni tana da duk waɗanda aikin nan ke bukata. Akwai makiyayan da suka san kunnen saniya tun suna yara, akwai malaman dabbobi, akwai samari masu gyaran waya da hannunsu ya saba da ƙananan abubuwa, ga kuma dillalan da kowa ya yarda da shaidarsu. Kirana ga shugabannin kara da ƙungiyoyin makiyaya na Ƙonni da Malbaza da Illela ta Nijar shi ne su zaɓi matasa su koyi huda da karatu da rubutu a hannun likitocin dabbobi, a fara da garken turka guda ɗaya a ga yadda kunnuwa za su yi bayan damina. Kuma tun ranar farko a zauna da takwarorinsu na Illela ta Najeriya a yarda da kundi ɗaya, domin dabbar da aka sa wa lamba a nan, can za a fara tambayar ta.